Yadda Ake Rage Ƙarar Lantarki a Sautin Kwamfutar Kallo ta Gida

1.0 Gabatarwa

A zangon karatun da ya gabata ne na ci karo da matsalar da ta haifar da wannan maƙala. Ni da abokan zamana biyu mun haɗa wata tsohuwar kwamfutar tebur da talabijin da amfilifaya mai lasifika biyu a ɗakin da muke haya a bayan makaranta. Da farko don kallon finafinan Hausa muka yi haɗin, har ma abokan karatunmu masu koyon Hausa a matsayin harshe na biyu sukan zo su zauna da mu domin su saba da jin magana. Daga baya wurin ya koma wajen aiki, domin a nan muke sauraron hirarrakin da muka ɗauko saboda kundin digiri.

Ni nawa aikin a kan karin sauti ne a bakin Hausawan da aka haifa a Kudu, kuma na ɗauko muryar wani dattijo a Sabo ta Ibadan, hira ta kusan awa uku. Saura mako uku in miƙa babi na huɗu, sai ga wani gurnani, buuu, ya tare a cikin lasifikun, ba dare ba rana. Idan na ƙara murya ya ƙaru, idan na motsa ɓeran kwamfuta wata siririyar tsuwa ta biyo baya. Hankalina ya tashi, domin na ɗauka hirar ce ta lalace, ga shi dattijon ya yi tafiya. Abin da na koya a kwanakin da suka biyo baya shi nake son in raba da 'yan'uwana ɗalibai. Darasin kuwa guda ne: kowace ƙara tana da inda ta fito da hanyar da ta bi ta shigo, kuma kunne da haƙuri suna gano su tun kafin a kashe ko kwabo.

2.0 Me Ya Haɗa Ɗalibin Harshe da Wannan Batu?

Mai karatu zai iya cewa ai wannan aikin injiniyoyi ne. Amma a duba. Wutar lantarkin da ake amfani da ita a Nijeriya mai ƙarfin bolt 230 ce, kuma tana kai da komowa sau 50 a cikin daƙiƙa guda. Ma'aunin wannan kai da komowa shi ne Hz, wanda aka sa wa sunan Heinrich Hertz, masanin kimiyya ɗan ƙasar Jamus. A Amurka 60 Hz ne, shi ya sa gurnanin na'urorinsu ya ɗan fi namu tashi sama. Idan wannan wuta ta tsallaka cikin wayar sauti, sai a ji amo a 50 Hz, tare da ninkinsa, wato 100 Hz da 150 Hz da 200 Hz, har zuwa sama.

To, muryar babban namiji idan yana magana tana yawo ne tsakanin kimanin 85 Hz da 180 Hz, ta mace kuwa tsakanin kimanin 165 Hz da 255 Hz. Ashe ke nan gurnanin lantarki yana zama ne daidai inda karin sautin namiji yake hawa da sauka. Hausa kuwa harshe ne mai karin sauti. Da kari ake rarrabe wuya na jiki, mai karin sama da ƙasa, da wuya ta wahala, mai karin ƙasa da sama. Haka kuka na hawaye da kuka ta miya. 'Yan'uwanmu masu jin Yarbanci sun fi kowa sanin wannan, tunda harshensu matakan kari uku gare shi. Bahaushe yakan cike gurbi da ma'anar jimla ko da bai ji sosai ba, amma mai koyo da mai nazari ba su da wannan damar. Saboda haka tsabtar sauti kayan aikinmu ne, kamar ƙamus.

3.0 Ire-iren Ƙarar da Ake Ji

Kafin a taɓa kowace waya, a zauna a saurara, kamar yadda ake yi a darasin ilimin furuci. Ni dai iri biyar na rarrabe.

Na farko shi ne gurnani mai kauri wanda ba ya canzawa, buuu. Wannan na wutar gida ne, kuma galibi alama ce ta abin da zan kira da'irar ƙasa, wadda bayaninta ke tafe.

Na biyu shi ne ƙara mai kaushi, zzzz, kamar ta zanzaro. Ita ma daga wutar gida take, sai dai ninkinta na sama sun yi yawa. Masu haddasa ta sun haɗa da inbata mai arha wadda wutarta ba ta fita sumul, da ƙaramin janareto, da wasu na'urorin rage gudun fanka ko hasken fitila, da cajar waya marar inganci.

Na uku tsuwa ce siririya, tsiii, mai canzawa idan an motsa ɓeran kwamfuta ko hoton allo ya sauya. Wannan daga cikin kwamfutar take. Sassan da ke sarrafa hoto da lissafi suna jan wuta a gaggauce, sai girgizar ta tsallaka zuwa sashen sauti da ke kan allon na'ura ɗaya da su.

Na huɗu huci ne, shuuu, kamar saukar ruwan sama daga nesa. Yawanci yana fitowa ne idan an rage murya a kwamfuta sannan aka buɗe amfilifaya sosai. Illarsa a wajenmu ita ce yana rufe baƙaƙe zuzau irin su /s/ da /sh/ da /f/.

Na biyar shi ne dit-dit-dit ɗin da ake ji gab da kira zai shigo wayar hannu. Tun shigowar GSM Nijeriya a 2001 muka san shi. Wayar da ke kan tsarin 2G tana aika saƙonta a gutsure, kimanin sau 217 a daƙiƙa, shi ne wayoyin sauti ke kamawa. Maganinsa mai sauƙi ne, a nisantar da wayar hannu daga lasifika da amfilifaya.

4.0 Mece ce Da'irar Ƙasa?

Filogin da muke amfani da shi mai ƙafa uku ne, irin na Ingila. Ƙafafu biyu na ƙasa su ke ɗauke da wuta. Ta ukun, wadda ta fi tsayi, ita ce ta wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, kuma tana haɗa ƙarfen jikin na'ura da ƙasa domin kariya. Idan wayar wuta ta goge ta taɓa jikin na'urar, wutar sai ta bi ta nan ta wuce, fiyus ya ƙone, mutum ya tsira.

Yanzu a ɗauka kwamfuta tana soket ɗin bangon gabas, amfilifaya tana na bangon yamma, kowace da tata wayar ƙasa. Sai aka haɗa su da wayar sauti. Ita wayar sauti ta gama-gari, mai kan 3.5 mm a gefe ɗaya da jan kai da farin kai na RCA a ɗaya gefen, tana da raga ta ƙarfe a ƙarƙashin robarta, kuma ragar tana haɗe da jikin kowace na'ura. Ka ga an sami zobe ke nan: daga kwamfuta zuwa bango, daga bango zuwa amfilifaya, daga amfilifaya ta cikin wayar sauti a koma kwamfuta. Tsakanin soket biyu kuwa akan sami ɗan bambancin ƙarfin wuta wanda bai kai bolt ɗaya ba, kuma zoben kansa yana kama maganaɗisun wayoyin wutar da ke kusa. Sai 'yar ƙaramar wuta ta riƙa zagaya zoben. Matsalar ita ce ragar nan ita ce kuma hanyar da sauti ke komawa, saboda haka amfilifaya ba ta iya rarrabe muryar dattijo da wannan baƙuwar wuta. Duka biyun take ƙara wa ƙarfi ta miƙa wa lasifika.

Ba soket kaɗai ke rufe zoben ba. Kebul ɗin eriya ko na farantin tauraron ɗan'adam shi ma yana da raga, kuma yakan haɗu da ƙasa ta wani wuri dabam, ko ta na'urar maƙwabci idan faranti ɗaya ake rabawa. Daga dikoda ya shiga talabijin, daga talabijin ya bi kebul ɗin HDMI zuwa kwamfuta, daga nan ya faɗa wayar sauti.

5.0 Matakan Gano Tushen Ƙarar

Ƙa'idar a nan ita ce wadda muka sani a nazarin tsarin sauti, inda ake ɗaukar kalmomi biyu da suka bambanta a sauti ɗaya tak, kamar gari na zama da gari na tuwo, waɗanda tsayin wasali kaɗai ya raba. A canza abu ɗaya, a saurara, a rubuta, sannan a wuce gaba. Wanda ya canza abu uku a lokaci guda ba zai san wanda ya yi aiki ba.

Mataki na 1: A kwafi sautin zuwa wayar hannu a saurara da abin sa wa a kunne. Idan babu ƙara, to abin da aka ɗauko lafiyarsa ƙalau. A nan ne hankalina ya kwanta, domin muryar dattijon ta fito tas.

Mataki na 2: A cire duk wayoyin da ke shiga amfilifaya, a bar lasifika kawai. Idan gurnanin yana nan, matsalar amfilifayar ce, ko wutar da take sha, ko wurin da aka ajiye ta. A gwada nisantar da ita daga sitabilaiza, domin tiransifomar da ke ciki tana watsa maganaɗisu.

Mataki na 3: A mayar da wayar sauti daga kwamfuta ita kaɗai, a cire HDMI da duk wani kebul da ke zuwa talabijin.

Mataki na 4: A riƙa mayar da sauran ɗaya bayan ɗaya, wato HDMI, da dikoda, da kebul ɗin faranti. Wanda ƙarar ta dawo da shigarsa, shi ne ya rufe zoben.

Mataki na 5: A kwatanta lokacin wutar layi da na janareto da na inbata. Gurnanin janareto yakan hau ya sauka idan an ɗora masa kaya ko an rage, domin gudun injin ne ke tsayar da yawan kai da komowar wutarsa. Mai kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa ya zare caja ya bar ta a kan batir. Idan ƙarar ta ɗauke, ya san inda ta fito.

A namu ɗakin ɓarayi uku muka kama. Akwai soket biyu mabambanta, akwai kebul ɗin farantin da muke rabawa da maƙwabta, sannan tsuwar tana shigowa ne ta ramin sauti na gaban kwamfutar.

6.0 Hanyoyin Magancewa

Zan fara da waɗanda ba sa cin kuɗi.

A haɗa kwamfuta da talabijin da dikoda da amfilifaya a kan akwatin soket guda mai inganci, wanda wayar ƙasarsa ke aiki. Wannan yana ƙanƙanta zoben, kuma a wurinmu shi kaɗai ya rage gurnanin sosai. Kada dai a haɗa dutsen guga ko hita a wannan akwati.

A yi amfani da ramin sauti na bayan kwamfuta. Na gaba wata siririyar waya ce ke kai masa sauti, wadda ke ratsa cikin akwatin kwamfutar tana kwasar ƙara a hanya. Da muka koma na baya, tsuwar ta kusa ɓacewa.

A ɗaga muryar kwamfuta zuwa kashi 80 ko 90 cikin 100, sannan a rage ta amfilifaya. Ƙarar da waya ke kwasowa a hanya ba ta ƙaruwa don an ɗaga muryar kwamfuta, saboda haka idan sauti ya fito da ƙarfi sai ya danne ta. Har ila yau a rufe bakin makirfo da sauran hanyoyin shigar sauti da ba a amfani da su a cikin saitin kwamfutar.

A raba wayoyin sauti da na wuta. Kada a ɗaure su wuri ɗaya don a ƙawata bayan tebur. Idan ya zama dole su haɗu, su gitta juna kamar alamar tarawa. Gajeriyar waya mai kyakkyawar raga ta fi doguwa.

Idan waɗannan ba su wadatar ba, sai a zo ga na saye. Mafi inganci shi ne a aika sautin ta kebul ɗin haske, wanda ake kira TOSLINK, da kamfanin Toshiba ya fitar a 1983. Sauti yana bi ta cikinsa ne a matsayin ƙyaftawar jan haske, babu ƙarfe ko kaɗan daga wannan kai zuwa wancan, saboda haka wuta ba ta da hanyar zagayawa. Talabijin da yawa suna da ramin fitarsa a baya. Tsohuwar amfilifayarmu ba ta da ramin karɓarsa, sai muka sayi ƙaramin akwatin da ke mayar da hasken zuwa sautin RCA. Abu biyu za a kiyaye a nan. A saita talabijin ya fitar da sauti a tsarin PCM, domin ƙananan akwatunan nan galibi ba sa fassara Dolby Digital. Sannan a ba akwatin wuta da tasa cajar, domin idan aka jona shi a ramin USB na talabijin an sake ɗinke zoben da aka yanke. Tun ranar da muka yi wannan haɗin ɗakin ya yi tsit.

Akwai kuma 'yar na'urar raba da'ira da ake sa wa a tsakiyar wayar sauti. Ƙaramar tiransifoma ce a ciki, sauti yana tsallakawa ta maganaɗisu, ƙarfe bai haɗu da ƙarfe ba. Tana aiki, amma mai arhar takan rage kaurin sauti. Akwai irinta ta kebul ɗin eriya, sai dai ita ba ta dace da farantin tauraron ɗan'adam ba, domin dikoda tana aika wutar bolt 13 ko 18 ta cikin kebul ɗin zuwa kan farantin, na'urar kuwa za ta tare ta. Katin sauti na waje mai shiga ta USB yana maganin tsuwar cikin kwamfuta a mafi yawan lokuta, amma ba lalle ya yanke da'irar ƙasa ba, tunda kebul ɗin USB na ƙarfe ne. Haka ma HDMI: sautin da ya bi ta cikinsa har amfilifaya mai karɓarsa yakan isa da tsabta, amma ragarsa tana iya rufe zobe ga wata wayar sautin. Shi kuwa ɗan ƙullutun baƙin ƙarfen da ake gani a wuyan wasu kebul, ƙarar igiyoyin rediyo yake ragewa, ba ya taɓa gurnanin 50 Hz.

7.0 Abin da Ba a Yi

Na jinkirta wannan sashe ne domin a nan na yi kuskure. Tun kafin in fahimci duk abin da ke sama, wani abokina ya ba ni shawarar in jona kwamfutar ta adafta mai ƙafa biyu. Na yi, gurnanin kuwa ya ragu nan take, domin zoben ya yanke. Kwana biyu bayan haka na taɓa bayan kwamfutar ƙafata ba takalmi, sai na ji wuta ta ɗan ja ni. Na kira wani dattijo mai aikin wuta a layinmu, ɗan Arewa ne da ya daɗe a garin. Da ya ga adaftar sai ya zare ta ya riƙe a hannu.

Ya ce, "Yaro, wa ya koya maka wannan?"

Na ce, "Baba, ƙara nake son in rage."

Ya ce, "Ƙarar ta fi ranka ne? Garin neman gira za ka rasa ido."

Ya bayyana mini cewa na'urar ba da wuta ta cikin kwamfutar tebur tana zubar da 'yar wuta kaɗan zuwa jikin akwati, wayar ƙasa ce ke kwashe ta. Abin da na ji ke nan. Amma ranar da wata waya ta goge a ciki, bolt 230 ne zai hau akwatin, ya bi wayar sauti zuwa amfilifaya da duk abin da ke haɗe. Wutar da ke iya hallaka mutum ba ta da yawa, shi ya sa na'urorin kariya na gidaje suke yanke wuta a miliamfa 30 kacal. Da ya gwada soket ɗinmu kuma sai ya tarar wayar ƙasar ɗaya daga ciki ta saki, ya ɗaure ta. Don haka kada a karya ƙafar filogi ta uku, kada a yanke koriyar waya, kuma aikin cikin soket a bar wa masu shi.

8.0 Idan Ƙarar Ta Riga Ta Shiga Abin da Aka Ɗauka

Duk abin da ya gabata ya shafi ƙarar da ke shigowa lokacin saurare. Idan kuwa a Mataki na 1 an ji ta a wayar hannu, to ta shiga tun wajen ɗauka. Manhajar Audacity, wadda kyauta ce kuma ta fara fitowa a 2000, tana da matatar da ke cire siririn yanki na sauti, sai a saita ta a 50 Hz, a maimaita a 100 Hz da 150 Hz idan da buƙata. Sai dai a tuna cewa a nan muryar namiji take, duk abin da aka yanke an yanke har da ita. A adana asalin sautin, a yi gyara a kan kwafi. Mai auna karin sauti da manhajar Praat, ta Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam, ya duba da kyau, domin idan gurnani ya yi ƙarfi layin kari yakan bi shi ya miƙe sambal a wuraren da mai magana ya yi shiru. Rigakafi dai ya fi magani: a ɗauki hira da na'ura mai batir, ba tana kan caji ba, nesa da janareto da firji, a kuma saurari minti na farko kafin a ci gaba.

9.0 Kammalawa

A wannan maƙala an ga ire-iren ƙarar lantarki guda biyar, da yadda da'irar ƙasa ke samuwa, da matakan gano ta, da hanyoyin magance ta daga na kyauta zuwa na saye. Ni dai na miƙa babina a kan lokaci, kuma abin da na saya bai wuce kebul ɗin haske da ƙaramin akwati ɗaya ba. Ina ba 'yan'uwa shawarar su gwada wannan aiki a ɗakunansu: a kunna na'ura ba tare da an sa komai ba, a ɗaga murya kaɗan, a saurara na minti ɗaya, a rubuta irin ƙarar da aka ji da lokacin da take canzawa. Sannan a bi matakan nan biyar, ana canza abu ɗaya a kowane karo. Wanda ya ci karo da wata irin ƙara da ban ambata ba, ya rubuto wa wannan mujalla domin mu ƙaru da juna a fitowa ta gaba.